Zan Raka Mahaifiyata Umara, Ga Ta da Ciwon Suga

Tambaya: Allah ya nufa zan raka mahaifiyata Umara, kuma tafiyar ta faɗo a lokacin zafi. Ta haura shekara sittin, tana fama da ciwon suga da hawan jini, ba ta kuma taɓa fita waje ba. Ni ma wannan ne karona na farko. Me ya kamata in tanada, me kuma zan kiyaye?
Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Allah ya saka miki da alheri, ya kai ku lafiya.

Ki fara da asibiti tun da sauran makonni. Saudiyya tana neman shaidar rigakafin sanƙarau, wanda aka yi aƙalla kwana 10 kafin isowa, haka nan ta shawara da ta shan inna ga wanda ya fito daga Najeriya. Allurar shawara sau ɗaya ake yin ta, kuma tun 2016 katinta ba ya tsufa. Kada ki yarda wani ya sayar miki da kati alhali ba a yi allurar ba. Katin zai wuce da ku filin jirgi, amma ba zai tsare Hajiya a cikin taron da ya haɗo mutane daga ko'ina ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne zafi. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 51, mutum fiye da 1,300 suka rasu, kuma tsofaffi da masu cuta a jiki su ne zafi ya fi saurin kayarwa. Mukan ce ai mu 'yan rana ne, mun saba. A gida akwai inuwar zaure da ta darbejiya, mutum yakan kishingiɗa da azahar. A can kuwa shauƙin ibada ke jan dattijuwa, ta ƙi zama, ta ƙi faɗin cewa ta gaji don kada a ce ta yi raki a Ɗakin Allah. Saboda haka ke za ki tsara lokacin. Ku yi ɗawafi da sa'ayi cikin dare ko bayan asuba. Sa'ayi kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ga kuma ɗawafi a gabansa. Idan ƙafa ta gaza, akwai keken turawa a Harami, kuma Umarar wanda aka tura ta inganta. Laima da gorar ruwa kada su bar hannunki, ki riƙa ba ta Zamzam tun kafin ta ce tana jin ƙishi. In kika ga ta fara jiri, ko maganarta ta rikice, ko jikinta ya yi zafi rau, ki kai ta inuwa, ki jiƙa mata jiki, ki kira 997, lambar motar asibiti.

Sai ƙafa. Mai ciwon suga sau da yawa ba ya jin zafi sosai a tafin ƙafarsa. A fito daga masallaci a tarar takalmi ya ɓace, Hajiya ta ce ba komai, ga masauki can, ta taka daɓen da rana ta gasa. Sai dare ya yi a ga bororo, wanda kan iya zama gyambon da zai ci watanni. Ki sa takalmanku a jaka ku shiga da su, ta sa safa mai kauri, kowane dare kuma ki duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu.

Yawan tafiya yana sauko da suga, don haka likitanta ya duba ko zai gyara mata adadin magani. Ki riƙe dabino a jaka saboda rawar jiki da gumi mai sanyi. Maganin da zai ishe ta har da rara ya zauna a jakar hannu cikin kwalinsa, tare da takardar likita. Idan tana allurar insulin, kada allurar ta shiga babban akwati, kada kuma ta sha rana. In an kai ku ziyara wajen raƙuma, a bar ɗanyen nononsu, domin ana danganta cutar MERS da aka gano a 2012 da raƙuma.

Maganar kaya kuwa, ki ji ni da kyau. Kada ki karɓi saƙon kowa, ko ƙulli ne na yaji, sai kin kwance kin gani da idonki. Safarar ƙwaya a Saudiyya hukuncinta yakan kai kisa, tramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsanani, goro ma an hana shiga da shi. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya da ta je Umara saboda wata jaka mai ƙwaya da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai a Afrilun 2019 aka sake ta. Ki ƙirga jakunkunanku a wurin awo, ki tabbata yawan tikitin kaya da aka ba ki ya yi daidai da su, ki ɗauki hotonsu a waya.

Da kun sauka, ki karɓi katin otal ki sa a jakar wuyan Hajiya, tare da takarda mai sunanta da lambarki da cutar da take da ita, a rubuce da Larabci. Ku kuma tsayar da ƙofa ɗaya ta Harami, ta riƙe lambarta, wadda za ku haɗu a nan idan cunkoso ya raba ku.