Darasi Na 17: Daga Jangeru Zuwa Bakin Teku

Mu a Jangeru ruwa biyu muka sani, na rijiya da na gulbi. Gagare da Bunsuru sukan cika da damina, da rani kuwa sai mun tona yashi. Teku ba haka yake ba. Ba ya ƙafewa, ba a hango gaɓarsa ta ƙetare, ruwansa kuma gishiri ne, ba ya shawuwa.

Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, zuwa Ikko, wato Legas, ya yi sauƙi. A dā ta Gusau da Zariya da Jebba ake bi har Iddo. Yanzu mota muke shiga. Tsohon garin Ikko tsibiri ne, wato ƙasa wadda ruwa ya kewaye. Gadar Carter, da aka fara yi a 1901, ita ta haɗa shi da Iddo.

To, ga abin da muke so samarinmu masu cin rani su riƙe. Ruwan teku yakan hau ya janye sau biyu a kwana ɗaya, wata ne ke jansa. Inda ka ajiye takalmi da hantsi, da azahar yana iya zama ruwa. Igiyarsa kuma takan ja mutum ciki, ko da gwanin iyo ne a Gagare. In za mu shiga kwalekwale, mu nemi rigar hana nutsewa tukuna. In ya cika maƙil, mu jira na baya.