Ko Aljani Yana da Doka: Yadda Ake Cin Moriyar Littattafan Almara, Kimiyya da Bincike

A makarantar nan, in aka ga mutum riƙe da littafin da ba na kwas ɗinsa ba, tambaya biyu ake yi masa. Ta farko: "Zai fito a jarrabawa?" In ya ce a'a, sai ta biyu ta biyo baya: "To me za ka yi da ƙarya?" Wannan rubutu na masu karanta irin waɗannan littattafai ne a ɓoye, da kuma waɗanda suka taɓa gwadawa suka ajiye a shafi na goma. Abu ɗaya nake so in nuna: kowane littafin kirki na aljanu, ko na kimiyya, ko na binciken laifi, yana da dokar da marubucin ya kafa wa kansa. In ka gano dokar, ka gano inda daɗin yake, kuma ka samu ma'aunin da za ka rarrabe gwani da ɗan koyo.

Maganar "ƙarya ce" ba yau aka fara ta ba. A 1933, lokacin da Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya biranen Arewa yana neman a rubuta ƙagaggun labarai da boko, ya sha wahala kafin ya shawo kan malamai, don a ganinsu labari aikin mata da yara ne da daddare. Duk da haka littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ku lura, biyu daga ciki cike suke da aljanu, ɗaya kuma labarin ɓarayi ne. Wato dai da irin littattafan da ake yi mana gori a kansu aka buɗe ƙofar ƙagaggen labari a Hausa. An haifi Imam a 1911, ke nan yana da shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja. Sa'ana ne cif, kuma ni har yanzu babi na uku na firojet nake fama da shi. Amsata ga masu gori kuwa gajeriya ce: ƙarya ita ce wadda aka faɗa don a yaudare ka. Wanda ya rubuta a bangon littafinsa cewa ƙagagge ne, bai yaudari kowa ba.

To, mene ne dokar? Mu fara daga gida. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa yana ganin Dutsen Dala kullum. Tsohon littafin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a zamanin maguzanci: akwai bishiya, an kewaye ta da katanga, Barbushe kaɗai ke shiga, wanda duk ya shiga ba shi ba ya mutu. Ba batun gaskiyar wannan imani nake ba, Musulunci ya riga ya raba mu da shi. Ginin labarin nake so ku duba. Akwai iyaka, akwai mai izini, akwai hukunci. Da a ce kowa na iya shiga ya fito lafiya, da babu abin da zai sa gaban mai sauraro ya faɗi. Haka tatsuniyoyin kakanninmu suke. Tsohuwa za ta ce wa yarinya ta ɗauki ƙaramin abu ta bar babba, ko kada ta buɗe sai ta isa wuri kaza. Ta bi, ta samu arziki. 'Yar kishiya ta zo ta karya dokar, ta gamu da gamonta. Yaro ɗan shekara biyar ma yana jiran wannan lokacin, don ya riƙe dokar a ka.

Saboda haka in ka ɗauki littafin almara, a shafuka ashirin na farko ka nemi amsar tambayoyi biyu: me sihirin nan ba zai iya yi ba, kuma me ake biya kafin a same shi?

Gwada wannan a kan Ruwan Bagaja, za ka ga abin mamaki. Sunan littafin ruwan aljanu ne, Alhaji Imam ya bar Kwantagora ne don ya nemo shi, ya wanke mijin uwarsa, Liman, daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Amma mafi yawan littafin babu wani tsafi da ke fitar da shi daga matsala. Bakinsa ne da wayonsa. Shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ta ramuwar gayya gari bayan gari, yau wannan ya sa an ɗaure wancan, gobe wancan ya rama. Aljanu ba sa karɓar ragamar labarin sai can wajen ƙarshe, bayan mai karatu ya ga Alhaji ya biya kuɗin tafiyar da shekaru da duka da kurkuku. Shi ya sa in ya samo ruwan ba ka jin an cuce ka. Ni a ganina ma Zurƙe ne gishirin littafin, in ka cire shi saura lami.

Ganɗoki kuma wata hanya ya bi. Bello Kagara, wanda yayan Imam ne, ya fara da tarihi na gaske, wato zuwan Turawa da faɗansu da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, sannan ya ɗauki jarumin da ɗansa Garba Gagare ya kai su ƙasashen aljanu. A duniyar gaske bindigar Bature ta fi ƙarfin takobi. A duniyar aljanu takobin ya dawo da darajarsa. In ka karanta shi da wannan a zuciya, za ka ga ba labarin sara da suka ba ne kawai, akwai ciwon mutanen da aka ci da yaƙi a ciki.

Yanzu mu zo kan littattafan yaƙi na zamaninmu, masu hoton sadauki da dodo a bango, waɗanda yawancinmu maza muka fara karatu da su a shagunan haya na unguwa. Ina son su, kuma akwai masu kyau ƙwarai. Amma ma'aunin nan yana tona asirin da yawa. Jarumi ya shiga tsaka mai wuya, an kewaye shi, takobinsa ya karye, kai kuma ka gyara zama. Kwatsam sai ya tuna da wani zobe da wani boka ya ba shi, zoben da ba a taɓa ambata ba tun littafi na ɗaya. Ya murza, dakaru dubu arba'in suka zama toka. Haba malam! Wannan ai ba sihiri ba ne, marubucin ne ya rasa mafita. In jarumi ba zai taɓa iya faɗuwa ba, don me zan bi shi har littafi na shida? Ba da wani nake ba, amma masu karatu sun san kansu, marubuta ma haka.

Labarin kimiyya shi ma yana da doka, sai dai tasa daga "da a ce" take farawa. Marubuci zai canza abu ɗaya tak a duniya, sannan ya bi sawun abin da zai biyo baya ba tare da ha'inci ba. Da yawa suna zaton Hausa ba ta da irin wannan. Akwai. A 1969, shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a kan wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sararin samaniya, Kolin Koliyo, wanda ya tafi da shi yawon sama. Ƙaramin littafi ne, na yara ne ma in an bi ta, amma ya nuna harshen nan zai iya ɗaukar roka da taurari ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Wanda ya fi kowa fito da dokarsa fili shi ne Isaac Asimov na Amurka. A 1942 ya kafa wa mutum-mutuminsa na inji dokoki uku bi da bi: kada ya cutar da ɗan Adam, ya bi umarni, ya kare kansa, kuma ta sama tana rinjayar ta ƙasa. Daga nan sai ya yi ta rubuta labarai a kan wuraren da dokokin suke cin karo da juna. 'Yan sashen kwamfuta za su gane wannan, daidai yake da neman inda manhaja ta sarƙe alhali kowane layi daidai yake. Na kusa da mu kuma akwai Nnedi Okorafor, wadda littafinta The Shadow Speaker ya faru a Nijar a shekarar 2070, da Tade Thompson mai Rosewater, wanda ya kawo baƙin sama Nijeriya ta 2066, ya kuma ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019.

Ga gwaji da za ku iya yi a majalisa ba tare da littafi ba. Da a ce an ƙera na'urar da take ƙara duk lokacin da mutum ya faɗi abin da ya san ba haka ba ne, aka girka ta a Kasuwar Kurmi. Ɗan koyo zai ce shi ke nan, gaskiya ta yi halinta, kowa ya shiryu. Gwani kuwa zai tambaya: ina makomar "ko ni ban saye shi haka ba"? Dillali zai mutu ne ko zai koyi yin ciniki da shiru da ɗaga gira? Wa zai fara sayar da na'urar jabu wadda ba ta ƙara? Za a yarda a shiga da ita wajen neman aure? Duk littafin da ya yi irin waɗannan tambayoyi, labarin kimiyya ne ko da babu roka ko ɗaya a ciki. Wanda kuma ya cika shafi da jiragen sama amma mutanensa ba su canza ko kaɗan ba, ado ne kawai.

Labarin bincike shi ne ya fi tsananin doka, don wasa ne tsakaninka da marubuci. An yi kisa ko sata, ga mutane biyar ko shida, kowa da abin da yake ɓoyewa. Wani limamin coci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara wa masu irin wannan rubutu dokoki goma a 1929. Biyu na farko sun ishe mu: dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kuma ba a yarda a warware matsala da aljani ko tsafi ba. Kun ga bambancin? Aljanin da yake halas a Ruwan Bagaja, a nan haramun ne. Wannan ne ya sa nake jin haushi in labari, a littafi ko a fim ɗinmu, ya ɗaure ni tamau sannan a kwance shi da mafarki, ko boka ya duba ƙasa, ko mugu ya kwanta ciwon ajali ya tona kansa. An hana ni damar in gano da kaina.

Yadda nake karanta su shi ne haka. In mai bincike ya fara tara mutane wuri ɗaya, ko na ga saura babi biyu, sai in rufe littafin. In ɗauki takarda in rubuta sunan wanda nake zargi da hujjoji uku daga cikin littafin, ba daga jin jikina ba. Sannan in ƙarasa. In na ci, madalla. In ban ci ba, sai in koma baya in nemo inda marubucin ya ajiye alamar a gabana na tsallake ta. Agatha Christie gwana ce a nan, takan saka alamar a tsakiyar hirar banza, ko ta bi ta da wani abin tashin hankali don idonka ya kauce. Ku gwada da Murder on the Orient Express na 1934. Turancinsa ba mai wuya ba ne, kuma ba zan faɗa muku komai a kansa ba. Gajerun labaran Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle su ma sun dace da mai farawa, don ana gama ɗaya a zama guda, sai dai shi Holmes wani lokaci yakan riƙe hujja a aljihu sai ƙarshe, don haka kada ka zargi kanka. A Hausa, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ya fi karkata ga ta'addanci da tashin hankali fiye da wasan gano mai laifi, amma yana riƙe mutum. 'Yan akanta da ke koyon binciken littattafan kuɗi, da 'yan lantarki masu bin waya suna neman inda wuta ta yanke, aikin ƙwaƙwalwar iri ɗaya ne.

Batun inda za a samu kuwa, tsofaffin na Hausa har yanzu ana sake buga su, ana samunsu a wajen masu littattafai na Kurmi da na wajen Bata a Sabon Gari. Na Turanci a duba Laburaren Murtala Muhammad da wajen 'yan gwanjon littattafai. Sababbin marubutanmu yawanci sun koma waya, WhatsApp da Wattpad. In marubuciya ta sa kuɗi a littafinta, don Allah a biya, kada a jira wani ya turo na sata a guruf. Kuma a duba abin da ake saukewa, don akwai batsa da ake lulluɓewa da sunan labarin aljanu.

Shawarata ta ƙarshe ta lokaci ce: kada ka fara labarin bincike saura mako ɗaya jarrabawa, ba za ka iya ajiye shi ba. Ka bari sai an yi hutu. Ka fara da Ruwan Bagaja ko da ka karanta shi a sakandare, wannan karon da biro a hannu, kana ƙirga sau nawa Alhaji ya tsira da wayo, sau nawa da taimakon aljani.