Ɗaki Mai Araha a Tokyo: Abin Dubawa Kafin Ka Biya

Da an ce ɗaki mai araha, sai gaban matafiyi ya faɗi, ya fara tunanin kuɗin cizo da famfon da ba ya kawo ruwa. A Japan ka kwantar da hankalinka ta wannan fannin, domin ƙaramin ɗaki ma za ka tarar da shi tsaf, da ruwan zafi da wankakken zanin gado. Abin da kuɗi ke saya a can shi ne fili da kusanci, nan ne ya kamata ka sa ido. Da Tokyo zan yi misali, amma yawancin maganar za ta yi maka aiki a Osaka ko Nagoya.

1. Fara zaɓar tasha, sannan otal. Rayuwar Tokyo a kan jirgin ƙasa take, kuma layin Yamanote zobe ne mai tasha 30 da jirgi ke zagayewa cikin kimanin awa ɗaya, ya bi ta Shinjuku da Shibuya da Ueno da Ikebukuro. Nemi ɗakin da ke 'yan mintoci a ƙafa daga tasha, don ragin da ka samu a otal mai nisa, kuɗin jirgi da ciwon ƙafa ne za su cinye shi. Jiragen kan daina aiki tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, sai kuma wajen biyar na asuba, ga shi tasi a can ba ta mai lissafin aljihu ba ce.

2. Karkata arewa da gabashin gari. Ueno da Asakusa da Nippori da Otsuka galibi sun fi Ginza da Shibuya sauƙin farashi, kuma idan ta filin jirgin saman Narita ka sauka, jirgin Skyliner zai kai ka Nippori cikin minti 36. Wanda aljihunsa ya yi ƙasa sosai ya duba Minami-Senju, tsohuwar unguwar leburori, inda ake samun 'yan ɗakuna masu tabarmar tatami da katifar ƙasa, banɗaki kuma na haɗaka.

3. Nemi abin da suke kira bijinesu hoteru. Otal-otal ne da aka gina don ma'aikatan kamfanoni masu yawan tafiya, shi ya sa kusan kullum a bakin tasha suke: Toyoko Inn da APA da Super Hotel da Dormy Inn duk irinsu ne. Za ka samu banɗakinka kai kaɗai, da ƙaramin firji, da butar dafa ruwa, da intanet, kuma Toyoko Inn kan ba da karin kumallo kyauta. A ganina, baƙon da zai je karon farko, musamman da iyali, kada ya wahalar da kansa neman wani abu daban.

4. Karanta girman ɗaki kafin ka kalli hotonsa. Hoto na faɗaɗa ɗaki, lamba kuwa ba ta ƙarya: ɗakin mutum ɗaya yakan kasance murabba'in mita 10 zuwa 13, har da banɗaki a ciki. Na taɓa kama irinsa da manyan akwatuna biyu, sai da na riƙa ɗora su kan gado duk lokacin da zan shimfiɗa darduma, don haka yanzu tambayata ta farko ita ce, akwai wurin sujada tsakanin gado da bango? Idan kai da maiɗakinka ne, ku lura da gadon da ake kira semi-daburu, faɗinsa kimanin santimita 120 ne kacal, gara ku ƙara ɗan kuɗi ku karɓi ɗaki mai gado biyu.

5. Faɗi gaskiyar yawanku. Wurare da yawa kan yi farashi a kan kowane kai, ba a kan ɗaki ba, kuma ba a yarda ka kama ɗakin mutum ɗaya ka shigo da ɗan'uwa ya raɓa ba. Ƙaramin yaron da zai kwana gado ɗaya da iyayensa sau da yawa ba a biya masa, sai dai iyakar shekarun ta bambanta daga otal zuwa otal, ka tambaya tun da wuri.

6. Otal ɗin kafsul na dare ɗaya ne ko biyu. A Osaka aka buɗe na farko a 1979, kuma abin da za a ba ka akwatin kwana ne mai tsawon kamar mita biyu da faɗin mita ɗaya, da labule maimakon ƙofa, kayanka kuma a wani kabad mai makulli. Yana da tsabta, maza da mata hawa daban, wasu ma maza zalla suke karɓa. Amma babu wurin tsayuwa balle salla, kuma wasu kan ce kowa ya fita da safe a yi shara ko da ya biya na kwana uku.

7. Tabbatar akwai makewayi a cikin ɗakinka. A masaukai masu araha da yawa, babban ɗakin wanka ne guda ga maza, guda ga mata, ana shiga ba sutura, domin haka al'adarsu take tun kaka da kakanni. Wanda hakan bai dace da shi ba ya duba bayanin ɗaki da kyau kafin ya biya, ko ya nemi inda ke da shawa mai ƙofa. Wajen tsarki kam ba matsala, yawancin masai na otal suna da maɓallin fesa ruwa.

8. Yi hattara da arahar da ta yi yawa. Idan ka ga ƙaton ɗaki da kuɗi kaɗan, an rubuta na manya ne kaɗai, ko ka ga farashi biyu, na hutun 'yan awanni da na kwana, to rabu hoteru ne, wurin masoya. Suna da yawa a Kabukicho cikin Shinjuku da Dogenzaka cikin Shibuya, kuma ba inda za ka sauki iyalinka ba ne.

9. Kauce wa lokutan cunkoso. Farashi kan yi tashin gwauron zabo lokacin furen sakura, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, da hutun Golden Week daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da bikin Obon a tsakiyar Agusta, da sabuwar shekara. Ko a mako ɗaya, daren Asabar ya fi na Talata tsada. Kama ɗakin da ake iya fasawa kyauta tun da wuri, sannan ka kwatanta farashin Booking.com da Agoda da na Rakuten Travel da shafin otal ɗin kansa.

10. Riƙe kalmar kin'en. Ma'anarta ba a shan taba. Har yanzu akwai ɗakunan mashaya taba, kuma warin ya riga ya kama labule da katifa.

11. San lokacin shiga da na fita. Ba a cika ba da ɗaki kafin ƙarfe 3 na yamma ba, fita kuma sau da yawa ƙarfe 10 na safe ce, amma za su ajiye maka kaya a wajen karɓar baƙi ka je ka dawo. Fasfo ya kasance a hannu, don doka ta ce su duba na baƙon da ba mazaunin ƙasar ba, su ɗauki kwafinsa. Ajiye 'yan canjin yen saboda harajin kwana, wanda Tokyo ke karɓa tun 2002, Osaka da Kyoto ma suka bi sahu. Na goro kuwa ba a bayarwa, ba kuma za su karɓa ba.

12. Duba abinci da masallaci a kusa. A teburin karin kumallo shinkafa da kifi da ƙwai sun wadatar, nama da romo kuwa a tambaya, domin alade da giyar girki suna shiga abincinsu sosai. Akwai shagunan halal daf da tashar Shin-Okubo, akwai masallaci a Otsuka, dukansu a kan layin Yamanote, babban masallacin Tokyo Camii kuma yana Yoyogi-Uehara. Alƙibla daga Tokyo yamma ce da ɗan karkata arewa, ba gabas da muka saba ba.

13. Rage kaya, ka ɗauki adafta. Tawul da buroshi da silifas da rigar barci duk otal kan bayar, kuma yawanci akwai injin wanki da ake saka wa tsaba, don haka kayan kwana huɗu za su kai ka mako biyu. Wutarsu volt 100 ce, soket ɗin mai ƙafa biyu fale-fale: cajar waya da ta kwamfuta za su yi aiki da adafta, dutsen guga kuwa bar shi a gida ka ari nasu.