Darasi: Bashin Karatu Da Albashin Aikin Jinya

Iyaye da yawa suna son 'ya'yansu su koyi aikin jinya, amma karatun yana cin kuɗi. Wasu kan sayar da shanu ko gona, wasu kuma su ci bashi. Kafin a yi haka, ya kamata a zauna a yi lissafi.

Abu na farko, a tabbata Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta amince da makarantar. In ba ta amince ba, ɗaliba ba za ta sami lasisin aiki ba, ga bashi a wuya.

Na biyu, a duba tsawon karatu. Digirin jinya a jami'a shekara 5 ne. Kowace shekara akwai kuɗin makaranta, da abinci, da ɗaki, da littattafai.

Na uku, a san irin bashin. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba da rancen karatu ta asusun NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ba shi da kuɗin ruwa. Ana fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Misali: in bashin naira 600,000 ne, albashi kuma 100,000 a wata, za a riƙa cire 10,000. Sai an yi wata 60, wato shekara 5, kafin a gama biya.

Tambaya: In bashin ya ninka, shekara nawa za a yi ana biya?