Sukuru a Matsayin Shaida: Nazarin Kurakuran Yankan Tiredi a Ƙaramin Injin Sassaƙar Ƙarfe Mai Aiki da Kwamfuta

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi dalilan da ke sa tiredi ya lalace yayin da ake yanka shi a ƙananan injinan sassaƙar ƙarfe masu aiki da kwamfuta, irin waɗanda masu sha'awar ƙere-ƙere ke ajiyewa a gida. An nuna cewa kurakuran iri biyu ne, na saɓanin tafiya da na yanka, kuma sukurun da ya lalace yana ɗauke da alamar da za ta bambance su.

1.0 Gabatarwa

Tiredi, a bakin makanikai, shi ne tsagin nan da ke nannaɗe a jikin sukuru, wanda noti ke bi ya shige. Ana samar da shi ne ta haɗa motsi biyu: sandar ƙarfe tana juyawa, wuƙa kuma tana tafiya a gefenta. A nan za a kira ɓangaren da ke juya sandar da suna mazari, aro daga masu kaɗi, nisan da ke tsakanin tudun tiredi da na kusa da shi kuwa tazara. Ƙa'idar guda ce: duk juyi ɗaya na mazari, wuƙa ta matsa tazara ɗaya, ba ƙari ba ragi.

Tun wajajen 1800, lokacin da Henry Maudslay ya inganta injin yankan sukuru a Ingila, giya ce ke tabbatar da wannan ƙa'ida, domin ita ke ɗaure mazari da dogon sukurun da ke jan wuƙa. A injin da kwamfuta ke sarrafawa an cire giyar, an maye gurbinta da maƙirgi mai sanar da juyin mazari, da manhaja mai lissafi, da injin lantarki mai tafiya taku-taku wanda ke jan wuƙa. Masu sha'awa a Turai da Amurka sukan sayi ƙananan injina ƙirar ƙasar Sin su yi musu wannan sauyi da hannunsu, su ɗora manhajar LinuxCNC ko Mach3. Injin da ke sassaƙa sanda sumul yana iya gazawa da zarar an zo tiredi, saboda nan ne ake buƙatar ɓangarorin uku su yi daidai a kowane juyi.

2.0 Gwajin Karce

Al'adar mafi yawan masu wannan aiki ita ce su faɗa wa manhaja da sauye-sauye da zarar noti ya ƙi shiga. Wannan gaggawa ce, domin wanda ya sauya abu uku a tare ba zai san wanne ya gyara ko wanne ya ɓata ba. Abin da ya kamata a fara shi ne a shafe sandar da tawada, a sa wuƙa ta karce ta kawai, a maimaita sau biyar ba tare da ƙara zurfi ba. Idan layi ɗaya ya fito, mazari da wuƙa suna tashi tare. Idan layuka suka fito da yawa, saɓani ne. Daga nan sai a auna tazara goma a haɗe: ga sukurun M10, wanda tazararsa milimita 1.5 ce, dole awon ya ba da milimita 15.

Sai dai gwajin yana da iyaka, domin karce ba ya ɗora wa mazari nauyi. Kuskuren da ba ya bayyana sai yanka ya yi zurfi zai tsallake shi.

3.0 Saɓanin Tafiya

Notin da ya shiga juyi biyu ko uku sannan ya cije, galibi tazara yake ƙorafi a kai. Ƙananan injinan nan suna zuwa da dogon sukuru iri biyu: na awon mita mai tazarar milimita 1.5, da na awon inci mai tiredi 16 a inci guda, wato milimita 1.5875. Ido ba ya raba su. Idan aka shaida wa manhaja na farko alhali na biyu ne a jikin inji, kowace tafiya za ta zarce da kusan kashi 6 cikin ɗari, tazara goma ta ba da milimita 15.875 a maimakon 15. Maganinsa gyara adadin taku a kowace milimita.

Mafi wahala shi ne tiredin da ya rabu biyu, ko tudunsa ya siraɗe kamar bakin reza. Ba a gama tiredi a bi ɗaya. Wuƙa takan koma sau da dama, kuma tilas kowane bi ya faɗa cikin tsagin na baya. Abin da ke tabbatar da haka shi ne alamar mafari, wadda maƙirgi ke aikawa sau ɗaya a kowane juyi. Hayaniyar lantarki daga na'urar sarrafa gudun mazari tana iya haifar da alamar ƙarya, wuƙa ta tashi ba a kan lokaci ba. Haka nan idan aka ɗaura maƙirgi a jikin injin lantarki maimakon mazari, duk zamewar bel za ta shiga tiredi ba tare da kwamfuta ta sani ba. Sauya gudun mazari ko wurin tashin wuƙa a tsakiyar aiki shi ma yakan jawo wannan ɓarna, shi ya sa ake tsayar da gudu da umarnin G97 kafin a fara.

A nan ne manhajojin biyu suka sha bamban. Mach3 tana dogara ne da alama ɗaya a juyi, ta ƙiyasta gudun mazari daga gare ta. LinuxCNC kuwa, idan aka ba ta maƙirgi mai ramuka da yawa, tana bin matsayin mazari a cikin juyin kansa. Ƙaramin inji ba shi da ƙarfi sosai a gudu na ƙasa, don haka mazarinsa yakan rage gudu idan wuƙa ta nutse. Manhajar da ke jin labari sau ɗaya a juyi ba za ta ankara ba sai ɓarna ta auku. Wannan shi ne kuskuren da gwajin karce ba ya kamawa, kuma alamarsa ita ce bi na farko-farko su yi kyau, na ƙarshe su ɓata.

Mai tunanin ƙara gudu don kauce wa haka zai ci karo da wani lissafin. Saurin wuƙa shi ne gudun mazari sau tazara: juyi 500 a minti ga tazarar 1.5 yana nufin milimita 750 a minti, juyi 1000 kuwa 1500. Ƙarfin injin taku-taku yana raguwa idan ya yi sauri, har ya tsallake taku a ɓoye, kuma agogon awo ne zai tona shi, idan wuƙa ta kasa komawa inda ta tashi. Bugu da ƙari, nisan da wuƙa ke buƙata kafin ta kai cikakken sauri yana ninkuwa huɗu idan aka ninka gudu biyu. Idan ta tashi dab da bakin sanda, tiredin farko zai fito a matse, kuma nan ne noti ke fara kamawa. Barin tazara uku zuwa biyar a iska yana magance wannan, yana kuma haɗiye lako-lakon dogon sukuru.

4.0 Kurakuran Yanka

Idan layi ɗaya ne kuma tazara ta cika, saura na wuƙa da ƙarfe ne. Kusurwar tiredin mita digiri 60 ce, ta tsarin da Joseph Whitworth ya gabatar a 1841 kuwa 55, kuma wuƙar ɗaya ba ta yin aikin ɗaya. Zurfin tiredin waje kusan 0.61 ne na tazara, wato milimita 0.92 ga M10. Zurfin da ya fito ninki biyu ko rabi yana nuna an rikita awon faɗin sanda da na rabinsa.

Fuska mai kaushi ko mai alamar karkarwa tana da tushe dabam. Idan wuƙa ta nutsa kai tsaye, gefunanta biyu ne ke ci a tare, kuma faɗin abin da take ci yana ƙaruwa da kowane bi. Shi ya sa umarnin G76 ya ba da damar shigar da ita a karkace, wajen digiri 29, domin gefe ɗaya ya ɗauki yawancin aikin, tare da rage zurfin bi sannu a hankali. Bakin wuƙa kuma dole ya yi daidai da tsakiyar sanda. Sandar da ta fito daga mariƙi fiye da ninki uku na kaurinta takan lanƙwashe ta guje wa wuƙa, sai tiredi ya fito da kauri a baki, noti ya ƙi shiga ko da yake lissafi daidai ne. Tokare ƙarshenta da maimaita bi na ƙarshe sau biyu ba ƙarin zurfi sukan wadatar.

Shigar noti ba hujja ba ce ta inganci, domin notin kasuwa yana karɓar sukurun da ya rame. Awon da ake dogara da shi shi ne na wayoyi uku da ake kwantarwa cikin tsagi a auna ta kansu. Ga tazarar 1.5 ana amfani da waya mai kaurin milimita 0.866, kuma faɗin tsakiyar tiredin M10 a ƙa'ida milimita 9.026 ne, wanda sukuru mai kyau kan gaza shi da ɗan kaɗan.