Amsoshin Tambayoyinku: Mutum zai iya amsa laifin da bai aikata ba?

Tambaya: Na ji wai mutum kan amsa laifi a hannun 'yan sanda alhali bai yi ba, kuma ba dukansa aka yi ba. Anya kuwa? Ni a ganina wanda ya amsa da bakinsa, magana ta ƙare.

Amsa: Malam, da sauran magana. A 1989 aka yi wa wata mata fyaɗe a lambun Central Park na birnin New York. 'Yan sanda suka kama samari biyar 'yan shekara 14 zuwa 16, suka tsare su da tambayoyi na sa'o'i masu yawa, har huɗu suka amsa a gaban kyamara. Duka biyar aka ɗaure. Sai a 2002 wani fursuna, Matias Reyes, ya ce shi kaɗai ya aikata, gwajin ƙwayoyin halitta ya gaskata shi.

Abin da ke faruwa a ɗakin tambaya ke nan: ga yunwa, ga barci, ga tsoro, da ka buɗe baki za ka musa sai a katse ka. A Amurka kotu ta yarda ɗan sanda ya yi ƙaryar cewa yana da hujja. A ce maka abokinka ya riga ya tona, in ka amsa abin zai zo da sauƙi. Yaron da ya gaji gida kawai yake so.

Mafi muni shi ne mutum ya yarda har zuciyarsa cewa ya yi. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abu yadda ya faru. Duk tunawa sabon haɗi take yi, kuma maganar mai tambaya kan shige ciki. A 1995 masaniya Elizabeth Loftus ta shaida wa wasu mutane cewa sun taɓa ɓata a kanti suna yara. Ba a yi haka ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka "tuna". To, bare wanda aka kulle, ana ta nanata masa yadda aka aikata laifin? Gobe a bakinsa za a ji bayanin, alƙali ya ce ai mai laifi kaɗai zai san wannan.

Shi ya sa Ingila, bayan dokarta ta 1984, ta wajabta naɗar muryar tambayoyi. A Najeriya ma dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayani a gaban lauya. In an kama ɗan'uwanka, nemo masa lauya tun kafin ya sa hannu a kowace takarda.