Taskar Hezekiya da Wayar da Ke Cikin Aljihu

Wurin nazari: 2 Sarakuna 20:1-19 da Ishaya 39

Hezekiya sarkin Yahuza ya yi ciwo har aka fid da rai. Ya yi kuka gaban Ubangiji, aka ji addu'arsa, aka ƙara masa shekara 15. Labarin ya bazu har Babila, sai Merodak-baladan, sarkin ƙasar, ya aiko manzanni da wasiƙu da kyauta domin a yi masa barka. Hezekiya ya yi murna da zuwansu ƙwarai. Ya zaga da su ɗaki ɗaki, ya nuna musu azurfa da zinariya, kayan ƙanshi da mai mai tsada, har da ma'ajin makamai. Bai bar kome a rufe ba.

Da baƙin suka tafi, annabi Ishaya ya zo da tambayoyi uku. Ya so ya san abin da mutanen suka faɗa, da inda suka fito, da abin da suka gani a gidan sarki. Bayan ya ji amsa, sai ya sanar da shi cewa dukiyar nan duka za a kwashe ta zuwa Babila wata rana, har da waɗansu daga cikin zuriyarsa. A lokacin Assuriya ce abin tsoro, Babila kuwa ƙasa ce mai nisa wadda ke neman abokai, don haka sarki bai hangi wani haɗari ba. Fiye da shekara ɗari bayan haka, a 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe dukiyar fada da ta Haikali, ya kuma koma daga baya ya ƙone Urushalima.

Abin lura shi ne, manzannin ba su haura katanga ba, ba su kuwa ba wani bara toshiya ba. Mai gida ne da kansa ya buɗe musu ƙofofi, yana cike da farin cikin warkewa.

Gidan da ba shi da zaure

Kafin wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, gida yana da matakai. Baƙo yakan yi sallama, ya tsaya a ƙofa ko a inuwar bishiya, a kawo masa ruwa. Ba kowa ke wucewa tsakar gida ba, balle ɗakin kwana. Manomi ba ya gaya wa mai wucewa yawan hatsin da ke rumbunsa. Waya mai intanet ta rushe waɗannan matakai ba tare da an yi shawara ba. Hoto guda na bikin ranar haihuwa yakan nuna falo, da mota da lambarta, da rigar makarantar yara mai ɗauke da sunan makarantar, da ƙofar gida. Wanda ya ɗora hoton 'yan'uwa yake nufi su gani, amma ba shi ne zai zaɓi iyakar masu kallo ba.

Na farko cikin masu kallon su ne kamfanonin da kansu. Ba a biyan ko kwabo don buɗe shafi a Facebook, domin da talla kamfanin ke samun kuɗinsa, talla kuwa tana tsada ne gwargwadon yadda aka san wanda za a nuna wa ita: shekarunsa, garinsu, abokansa, da abin da yake tsayawa ya kalla. Wannan kamfani, wanda yanzu ake kira Meta, shi ne mai Instagram, shi ne kuma ya sayi WhatsApp a 2014 kan kuɗi kimanin dala biliyan 19. A 2018 asiri ya tonu cewa wani kamfanin harkar zaɓe a Ingila mai suna Cambridge Analytica ya sami bayanan mutane da yawansu zai iya kai miliyan 87. Yadda abin ya faru ya isa nazari. Mutane wajen dubu 270 ne kawai suka amsa waɗansu tambayoyi a wata manhaja, amma yardar da suka bayar ta buɗe bayanan abokansu ma, waɗanda ba a taɓa tambayarsu ba. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019. A Nijeriya ma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a 2024 saboda yadda ya yi da bayanan 'yan ƙasa, kotun ɗaukaka ƙara ta musamman kuma ta tabbatar da hukuncin a 2025.

Gwamnatoci ma suna kallo, kamar yadda Edward Snowden ya fallasa game da hukumar leƙen asirin Amurka a 2013. Sai dai iyali a Kafanchan ko Akwanga ko Numan ba daga can matsalarsu ta fi zuwa ba. Ta fi zuwa daga kusa. Mutane da yawa sun ɗanɗana ta a hannun manhajojin ba da rance. Mutum ya matsu da kuɗin makaranta, ya sauke manhaja, ya danna “na yarda” bai karanta ba, ashe ya ba su dukan lambobin da ke cikin wayarsa. Ranar da ya makara da biya, sai saƙo ya isa ga fastonsa da surukansa da shugabansa a wurin aiki, ana kiransa ɓarawo. Abin ya yi muni har FCCPC ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas a watan Maris na 2022, Google kuma a 2023 ya hana manhajojin rance da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan mutane.

Shaida da roƙon addu'a

A nan ne labarin Hezekiya ya fi taɓa masu bi. Shaida abu ne mai kyau, ikkilisiya kuwa ba za ta daina ba da ita ba. Amma Littafin Tarihi na Biyu (32:31) ya nuna cewa manzannin sun zo ne tambayar al'ajibin da ya faru a ƙasar, sai ga shi abin da aka rubuta sun gani azurfa ce da makamai. Tsakanin “Allah ya yi mini” da “ku dubi abin da nake da shi” tazarar ba ta da yawa, kuma mai magana ne kan zama na ƙarshe wajen gane ya ƙetare ta. Shaidar da a da ake bayarwa gaban jama'ar da suka san juna, yanzu ana watsa ta kai tsaye a intanet, da sunan mutum da fuskarsa da adadin gudummawar da ya yi alkawari. A ƙasar da masu garkuwa da mutane ke dogara ga masu kai musu rahoto, rubuta cewa gobe da asuba iyali duka za su kama hanyar ƙauye ba ƙaramin ganganci ba ne. Ana iya neman addu'ar tafiya wurin mutum biyu ko uku, a ajiye hotuna sai an dawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mafi nauyi kuma shi ne asirin wani. Wata ta gaya wa shugabar zumunta damuwarta ta rashin haihuwa, ko ciwon mijinta, ko halin da ɗanta ya shiga, kafin yamma ga shi a dandalin WhatsApp da cikakken suna, an sa masa kan magana “roƙon addu'a”. Ana ɗaukar hoton mara lafiya a gadon asibiti ba shi cikin hayyacinsa. Ana ɗora hoton gawa a wurin hatsari, uwa ta ga rigar ɗanta a waya tun dattawa ba su iso su zaunar da ita ba. Niyyar mai turawa ba ta rage zafin abin. Gaskiya ce tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni yadda kamfanin kansa ba ya iya karanta su a hanya, amma kullen bai hana wanda saƙo ya isa gare shi tura wa wani ba, dandali guda kuwa yana iya ɗaukar mutum fiye da dubu.

Ko kuwa ma wani a dandalin ba shi ne mai lambar ba. 'Yan damfara sukan kira ɗan ikkilisiya da murya mai ladabi, su ce za a yi taron addu'a ta intanet, ya karanto musu lambobi shida da aka turo masa. Da ya karanto, sun ƙwace WhatsApp ɗinsa, sai su shiga roƙon kuɗi da sunansa. Babu taron da ke bukatar waɗannan lambobi. Maganin abin yana cikin saitin manhajar, inda ake sa lambar sirri ta biyu, aikin da bai kai minti biyu ba.

Littafi Mai Tsarki ya san darajar rufin asiri. A Farawa 9 Ham ya ga tsiraicin mahaifinsa ya fita ya ba da labari, Shem da Yafet kuwa suka shiga da baya da baya suka rufe shi da mayafi. Yusufu, da ya ga Maryamu da ciki, ya yi niyyar rabuwa da ita a ɓoye don kada ya kunyata ta, Matiyu kuma ya lasafta wannan cikin adalcinsa. Sai dai kada a karkatar da wannan koyarwa. Rufin asiri dabam, ɓoye mugunta dabam. Inda ake lalata yarinya ko ake dukan mace, shiru taimakon mai laifi ne. A kai maganar ga dattawan ikkilisiya da hukuma, waɗanda za su iya yin wani abu a kai. Jefa ta a intanet kuwa sau da yawa wadda aka zalunta yake ƙara tona wa asiri.

Rabon 'ya'ya

Amsar da Hezekiya ya ba Ishaya tana da ban tsoro. Ya karɓi maganar, amma ya kwantar da ransa da cewa a zamaninsa dai za a zauna lafiya. Waɗanda ba su kasance a wurin ba ranar da aka buɗe taska, su ne aka kora zuwa Babila.

Yaro na yau yakan sami tarihi a intanet tun bai iya magana ba: hoton wanka, sakamakon jarrabawa, bidiyon ranar da aka hore shi yana kuka ana dariya. Zai girma ya nemi aiki, ya nemi aure, ya tarar da abin yana nan. Faransa ta kafa doka a 2024 wadda ta ɗora wa iyaye alhakin kare hoton 'ya'yansu da sirrinsu. A Nijeriya sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo za a sarrafa bayanan yaro. Doka ta ɗauka iyaye ne masu tsaron ƙofa. Ba ta yi tanadin ranar da su ne za su buɗe ta ba.

Saboda haka ya dace iyali su zauna, kamar yadda suke zama don addu'ar yamma, su daidaita abin da zai fita daga gidan da abin da ba zai fita ba, a kuma tambayi yaron da ya yi wayo kafin a ɗora hotonsa. Shugabannin zumunta su ma su saba da tambayar mai damuwa ko ta yarda a faɗa, da wa za a faɗa wa, da suna ko ba suna. A yi tambayar kafin a tura, gama magana zarar bunu ce. WhatsApp yana ba mutum wajen kwana biyu ya goge saƙo daga wayoyin waɗanda ya tura wa, amma ba ya iya janye wanda aka riga aka tura gaba, ko wanda wani ya ɗauki hotonsa ya ajiye.